Igiyar Hannunka Tana Wurina

Bulumkutu, Maiduguri.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Babagana, mai sunan mahaifina. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wushe, wushe, sannu da shirin tafiya. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya, ko da yake na san inda za ta same ka. Kana ɗakinka, wanda bango ɗaya ne tsakaninsa da nawa, ka zauna kusa da jaka ka kumbura fuska kamar wanda rina ta harba. Allah ya tsare min kai a tafiyar da za ka fara gobe, ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare direban da zai ja ku, ya dawo min da kai da ƙafafunka.

Bari in fara da abin da ya hana ka kallona tun jiya. E, ni na ɗauke igiyar hannun kyamararka, baƙar nan mai laushi da ke ɗaure bayan hannun dama a jikin kyamara. Ba ƙanwarka Yagana ba ce, ka daina harararta. Ka birkice ɗaki, ka zazzage jaka, ka leƙa har bayan randa, ni kuwa ina tsakar gida ina taya ka nema da ƙwazo. Da ka ɗago ka ga bakina yana rawa sai ka gane. Na ɗauka za ka yi dariya kamar kullum, kamar ranar da na zuba maka gishiri a shayi, ko ranar da na kira ka da muryar mata na ce ana neman mai hoto a unguwar Gamboru yanzu-yanzu, ka hau keke ka tafi. Ba ka yi dariya ba. Ka ce, “Baba, kai komai wasa ne a wurinka. Aikina ne fa wannan.” Ka shige ɗaki ka ja labule.

Mamanka ta ajiye ludayi ta ce min, “Malam, yaron nan tafiya zai yi. In ba za ka raka shi da addu'a ba, kada ka raka shi da fushi. Ba shi kayansa.” Na ce ba zan ba shi ba. Ta ce, “To faɗa masa dalili mana.” Na buɗe baki, sai na ji wata zolayar ce ke shirin fitowa, na rufe. Ka san halina. Na haife ka ina da ƙuruciya, har yau in muka shiga kasuwa tare ana tambayarka ko ni yayanka ne, kuma ban taɓa musawa ba. Tun muna tsangaya nake ɗaure wa mutane gefen riga da tabarma, malam ya yi duka har ya gaji ya koma yi min addu'a. Wanda ya saba wa mutane da haka, ranar da tsoro ya kama shi da gaske ba mai ganewa. Shi ya sa na zauna a shago bayan la'asar nake rubuta maka, da bokon da na koya a jikin allunan shaguna. A takarda ba za ka ga bakina yana rawa ba.

Ina tsoro, Babagana. Tun ranar da mutanen nan suka ɗauke ka aikin zagaya garuruwa kana ɗauko musu hotuna, daga Biu zuwa Mubi har tsaunin Mambila, tsoron nan yake tare da ni. Kyamarar ba ta dame ni ba, in ta faɗi ta fashe wata za ta zo. Hannunka na dama nake ji wa tsoro, don shi za a fara kallo duk inda ka sauka. Duk abin da za ka ƙara wa kyamarar nan, igiya ce, mariƙi ne, jaka ce, tambaya ɗaya nake so ka fara yi masa: in na sake ka yanzu, hannuna zai fita fayau?

Ka san na yi yawon hoto kafin in zauna a shago ina hoton fasfo. Biki, suna, saukar karatu, duk inda aka kira ni ina nan. Kyamarata ta lokacin ƙatuwa ce mai madubi, in ta ɗauka sai ka ji ƙas kamar an karya kara, ba irin taka marar madubi da ke ɗaukar mutum bai sani ba. Na sayo mata igiyar hannu a Kasuwar Litinin, na ɗaure tamau, ina tafe ina wani ɗaga ta kamar ni na ƙera ta. Sai aka kira ni wani ƙauye a hanyar Konduga, ɗan Bulama zai yi aure. Bulama shi ne mai garin, ba a ɗaga kyamara a ƙasarsa sai an gaishe shi. Na iske shi a ƙarƙashin darbejiya da dattawansa. Na cire takalmi, na durƙusa, duk na yi daidai. Sai tsohon ya girmama ni, ya miƙo min hannu. Nawa na dama yana cikin igiya, zufa ta manne shi, na ja ya ƙi fita. Kafin in yi tunani na hagu ya riga ya tafi.

Bai karɓa ba. Ya dube shi kawai ya ce, “Yaro, wannan ai na bayan gida ne. Ina na gaisuwar?”

Ni kuma da bakin nan nawa da ba ya hutawa na ɗaga kyamara na ce, “Ranka ya daɗe, na gaisuwar ya yi aure, ga amaryarsa nan.”

Da a Gamboru ne da an faɗi ƙasa don dariya. A nan ko tari ba wanda ya yi. Tsohon ya janye hannunsa ya sa cikin riga, ya juya ya ci gaba da magana da na kusa da shi. Ba a kore ni ba, an ba ni ruwa, an ba ni abinci. Amma duk wanda na nufa da kyamara sai ya juya min ƙeya, har yara. Na dawo gida da hotunan bayan huluna.

Kai kuwa baƙo za ka zama kullum. Kowace safiya sabon gari, sabbin dattawa, wata tsohuwa za ta miƙo maka ruwa a ƙwarya, wani mai shayi zai miƙo maka kofi, wani zai ba ka hannu yana kallon idonka ya ga wane iri ne kai. Ba wanda zai jira ka kwance ɗauri. Saboda haka igiyar da ta dace da kai ita ce doguwa mai faɗi, wadda za ta hau kafaɗar hagu ta ratsa ƙirji, kyamara ta kwanta a kwankwason dama. Ka ɗaga ta ka ɗauka, ka sake ta ta koma wurinta, hannunka ya fita babu komai. Kada ka yarda da siririyar nan ta wuya da ta zo cikin kwali. Kafin azahar ta yanka maka wuya, kuma tana sa kyamara reto a gaba. Na taɓa sunkuyawa alwala a bakin wani masallaci da irinta a wuya, ina wanke ƙafa idon kyamara ya shiga kwatami ya yi tasa alwalar kafin ni. Mai ratsa ƙirji kuwa tura ta baya kawai za ka yi ka sunkuya. Ka tabbata tana da ƙugiyar da ake ɓallewa da yatsa biyu, don in za ka yi salla ka cire ka ajiye kyamara a gabanka inda kake ganinta.

Na san abin da ya sa ka so igiyar hannu, kada ka ɗauka ban sani ba. Shekaranjiya da ka shiga wanka na ɗauki kyamarar taka na gwada. Ƙarama ce, ba nauyi, wannan alheri ne ga mai yawo. Amma hannunka irin nawa ne, faffaɗa kamar faifai, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, yana lilo a ƙasa, sai ka riƙa jin kamar za ta zame. Abin da take bukata mariƙi ne. Ni ma na taɓa neman maganin santsi, amma ta hanyata. Na yanko robar tayar keke na naɗe wa tawa, na bi da baƙin salatif, na ce na yi dabara. Da safe lafiya lau. Da ranar Maiduguri ta take, abin ya narke a tafina ban lura ba. Gidan biki ne, ango ya sha farar shadda, mata sun jeru da lafaya, turaren wuta ya cika tsakar gida. Na matsa don in gyara wa ango wuyan riga. Da na janye hannu sai ga yatsuna biyar baƙi ƙirin a ƙirjinsa. Gwaggon amarya ta ce, “Mai hoto, hoto muka ce ka ɗauka ko tambari muka ce ka buga?” Ango ya yi sauran hotunansa da hannu a ƙirji kamar mai rantsuwa.

To kada ka yi dabara irin tawa. Ka nemi ƙaramin mariƙin da ake ɗaurawa a gindin kyamara da noti ɗaya, wanda zai ƙara mata ɗan tsawo ƙaramin yatsanka ya zauna. Kafin ka karɓa ka buɗe ƙofar batir da shi a jiki. In sai ka kwance shi kafin ka canza batir, ka mayar musu da abinsu, zai ba ka haushi a ranar da ka fi gaggawa. Akwai kuma ɗan ƙarfen nan da ake zurawa a saman kyamara babban yatsa ya jingina da shi, shi ma yana da amfani, ba ya da girma. Kuma kada ka gwada su a cikin shago mai sanyi. Ka fito rana ka tsaya har tafinka ya jiƙe, sannan ka riƙe ka ji. A haka za ka yi aiki da ita.

Na ga kana kallon wasu a waya: ƙaton mariƙi mai ɗaukar batir biyu, da kejin ƙarfe mai hannu a sama da ake zura kyamara a ciki. Don Allah ka bar su. Zan faɗa maka dalili, bari in ɗan huta tukuna, hannuna ya fara zufa.

Batir. Tawa ta da takan wuni da guda, sai na raina abin, ban taɓa ɗaukar na ajiya ba. Ranar sunan 'yar wani ɗan kasuwa a Gamboru, ana tsakiyar yanka rago kyamara ta mutu murus. Jama'a sun taru, an ci ado. Me kake tsammani na yi? Na ci gaba da ɗauka. “Hajiya matso kaɗan. Alhaji ɗago kai. Kai yaro daina sosa hanci.” Ina yin ƙas da harshena a bayan kyamara. Har kaka aka fito da ita daga ɗaki aka zaunar a kujera, ta gyara mayafi, ta yi min murmushi babu haƙori. Washegari na koma na faɗa wa mai gidan gaskiya. Ya ce, “To Bukar, ragon fa? In sake yanka wani ne?” Na yi dariya a hanya. Amma tsohuwar nan ba ta kai wani sunan ba, kuma ba su da hotonta da jaririyar. Har yau in na bi ta layinsu sai in sauya hanya.

Taka ta fi tawa ƙishirwa nesa ba kusa ba, don allonta da 'yar tagar da ake leƙawa a kunne suke kullum. Ka tafi da batura na ajiya, ka sa masu cika a aljihun dama, waɗanda suka ƙare a na hagu, yadda ba sai ka duba ba. An ce min Mambila sanyi gare ta, sanyi kuwa yana shanye batir, to a can ka sa su a aljihun ciki su ji ɗumin jikinka. Ka nemi cajar da ke sha daga fawa banki, don garin da za ka kwana ba lallai ka tarar da wuta ba. Katin ajiya kuma kada ka dogara da ƙato guda. Ka raba aikinka a ƙanana, wanda ya cika ka sa a ɗan gwangwani a aljihun ƙirji, kada ya kwana a jakar kyamara. In jaka ta bi wata motar, aikinka yana tare da kai.

Sai maganar canza ido. Tawa akwai madubi a ciki yana tare datti, duk da haka na yi ta'asa. Na ga ɗan yashi ya shiga, sai na cire ido na hura da baki, ga goro cike da kumatu. Daga ranar duk wanda na ɗauka sai ya fito da tabo a tsakiyar goshi. Wani ango ya ce shi ba shi da tabon salla, na ce Allah ne ya nuna masa inda ya kamata ya dosa. Taka ko madubin babu, da ka cire ido zuciyarta tsirara take. Ka juya wa iska baya, ka kifa fuskarta ƙasa, ka yi sauri. Ka sayi 'yar robar nan da ake matsawa ta hura iska, bakinka ya bar ta. In za ka iya wuni da ido ɗaya ba canji, ya fi min kwanciyar hankali. Ka sa masa farin gilashin kariya a gaba da 'yar rumfarsa, sai murfi ya zauna a jaka, don murfi ma hannu yake ci: ka cire, ka rasa inda za ka sa, ka riƙe a baki kamar kare da ƙashi.

To. Na zagaya, na zagaya, takarda ta kusa ƙarewa. Ga labarin da nake gudu.

Kana ƙarami lokacin, shekarun da gari ya rikice. Za ka tuna yadda ake saukar da mutane daga keke napep a shingen jami'an tsaro, kowa ya ɗaga hannu sama ya wuce a ƙasa. Bayan abin da ya faru da ni wurin Bulama, kana tsammani na yar da igiyar hannu? Sassauta ta kawai na yi. Har na ƙara wa kyamara ƙaton mariƙi da dogon ido, na naɗe ta da baƙin ƙyalle saboda yashi. Ni a ganina na zama babban mai hoto.

Ranar na dawo daga bikin 'yar Malama Rifkatu, malamar makarantar nan 'yar ƙasar Biu da muka yi maƙwabtaka da ita, wadda take ba ka alewa in ka karanta mata baƙaƙe. Keke ɗaya muka hau. Hannuna yana cikin igiya, ina nuna mata hotuna, ina tsokanarta cewa sirikinta ya fi 'yarta kyau, tana dukana da jaka. Muna shan kwana sai ga shinge, jiya babu shi a wurin. Aka daka tsawa kowa ya sauka ya ɗaga hannu. Na sauka na ɗaga. Wani dogon baƙin abu naɗe da ƙyalle ya tashi sama tare da hannuna na dama.

Na ji ƙarar ƙarfe. Ka san wannan ƙarar, duk wanda ya zauna a garin nan ya san ta. Wani ya yi ihu, “Yar da shi! Yar da shi!” Babagana, ina so in yar, ba ya yaruwa. Zufa ta riƙe igiya. Na fara yarfa hannu don ta fita, ashe duk yarfawa abin sai ya nuna su. Mutane suka zube ƙasa. Ni kaɗai a tsaye. Na nemi kalmar shahada a bakina, ni da na haddace izu-izu a allo, na rasa farkonta.

Sai Malama Rifkatu ta miƙe, hannayenta a sama, ta shiga gabana. Ta ce, “Ɗana, mai hoto ne! Mai hoto ne, shi ya ɗauki bikin 'yata yau, ga ankon a jikina!” Ta juyo da rabin fuska ta ce min a hankali, “Bukar, daskare. Kada ka motsa. Kuma don girman Allah yau kada ka yi magana.” Ta roƙe su izini, ta sauke hannu ɗaya sannu a hankali, ta laluba ta ɓalle min igiyar. Kyamara ta faɗi a kwalta, dogon idon ya tsage.

Wanda ya yi ihun ya matso ya ture ƙyallen da ƙafa. Yaro ne, bai fi shekarunka na yanzu ba, leɓensa yana rawa kamar nawa. Ya ce da 'yar Hausarsa, “Me ya sa ba ka yar ba?” Na nuna masa bayan hannuna, ga shatin igiya ya kwanta. Ya girgiza kai ya ce mu wuce. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Abin da na ɗaga masa shi ya gani.

Da na dawo gida ka tambaye ni me ya fasa kyamara, na ce akuya ce ta ga hotonta bai yi kyau ba ta tunkuye ta. Ka yi dariya har da birgima. Mamanka ba ta yi ba, don Malama Rifkatu ta riga ni shigowa. Tun daga lokacin na fi son zaman shago.

Jiya da na ga ka zura hannu a baƙar igiyar nan ka ja ta tamau, ka ɗaga kana gwada kanka a madubin mamanka, sai na tuna shingen nan. Ban san yadda zan faɗa maka ba. Hannuna ne ya yi abin da ya saba, ya ɗauke ta.

Gari ya yi sauƙi yanzu, alhamdulillahi. Amma shingaye suna nan a hanyoyin da za ka bi, kuma wanda ke tsaye a wurin ɗan wani ne, shi ma uwarsa tana jiran ya dawo, kallo ɗaya zai yi maka ya yanke shawara. Saboda haka nake roƙonka, kada ka ƙara wa kyamarar nan komai da zai sauya mata kama. Allah ya ba ka ƙarama, ka bar ta ƙarama, kowa ya gane ta daga nesa. Ban da keji, ban da ƙaton mariƙi, ban da naɗe ta a ƙyalle. In za ka ɗauki mai ƙafa uku, ka ɗauki gajere, ka ɗaure shi a bayan jaka a fili kowa yana gani, kada ka zura shi a doguwar baƙar rigarsa. Jakar ma ka duba ta. Waccan mai ruwan ƙasa da aljihuna barkatai da abokinka ya ba ka ta yi kama da ta masu kaki, ka bar wa Yagana ta zuba littattafai. Ka ɗauki wadda ta yi kama da ta ɗan makaranta, mai buɗewa ta gefe. Da direba ya fara rage gudu, kyamara ta shige jaka, ko da kuwa rana tana faɗuwa a bayan tsauni irin faɗuwar da ba za ka sake gani ba. Tafukanka su kwanta a gwiwa. In an ce ka buɗe jaka, ka fara faɗin abin da ke ciki kafin ka taɓa zif. Kuma in wata magana mai ban dariya ta zo maka a wurin, jinina ne, haɗiye ta. Ka ajiye min in ka dawo.

Ban bar ka haka ba. A cikin ledar da mamanka za ta miƙo maka da takardar nan akwai igiya. Yau da safe na je Kasuwar Litinin wurin wani baduku, na tsaya a kansa har ya gama. Jar fatar akuya ce, mai faɗi a kafaɗa, ya yi mata ɗinki biyu, na sa ya haɗa mata ƙugiyoyi masu ɓallewa. Zobban da ke bakinta na tsohuwar kyamarata ne, su kaɗai suka rage. Na gwada ƙarfinta, na rataye tukunyar mamanka cike da ruwa a reshen darbejiyar bayan shago, ba ta ko yi ƙara ba, sai dai mamanka ce ta yi da ta nemi tukunya. Yagana ta gani ta ce ja ai na mata ne, abokanka za su yi maka dariya. Na ce haka nake so. Wanda aka hango ana yi masa dariya ba a tsoronsa. Ka juya ta ka duba da kyau, ka shinshina in ka ga dama, ban shafa mata barkono ba.

Baƙar igiyarka kuwa tana wurina. Na rataye ta a ƙusar da allona na tsangaya yake, a shago. Ba zan ba ka gobe ba, ko za ka yi fushi da ni daga nan har Mambila. Fushinka zan iya ɗauka. Ranar da ka dawo ka zo ka karɓa, in har lokacin kana sonta.

Gobe bayan sallar asuba zan tsaya a ƙofar gida kafin keke ya zo. Ba gishiri, ba muryar mata, ba abin da na ɓoye a baya. Zan miƙo maka hannu. In ka ga bakina yana rawa, wannan karon ba dariya ba ce, ka yi kamar ba ka gani ba. Ka dai ba ni na gaisuwar.

Mamanka tana gaishe ka, ko da yake ita za ta kawo takardar. Ta sa maka dambun kifi, kada ka haɗa shi da kyamara jaka ɗaya. Malama Rifkatu na kira ta ɗazu, ta ce in gaya maka ita ta tsufa, ba za ta iya bin ka tana shiga gabanka ba, ka ji maganar ubanka ko sau ɗaya.

Allah ya yi maka albarka, Babagana. Allah ya sa ka sauka lafiya a kowane gari, ya sa maka farin jini wurin dattawansa, ya rufe idon mugu daga kanka, ya sanyaya zuciyar duk wanda zai tsayar da motarku. Allah ya haɗa fuskokinmu cikin lafiya. Kuma a duk tsawon tafiyar nan, Allah ya sa kada ka ɗaga hannayenka biyu sama sai don addu'a. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Bukar, wanda Gamboru ke kira Shaƙiyyi.